Mai Saƙa da Mai Sayarwa: Tarihin Rigar Sanyi ta Saƙar Hannu

Idan ɗari ya sauko a watan Disamba, kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai sukan cika da dilolin bosho. A cikin tulin rigunan sanyi da ake zubewa bisa tabarma, wani lokaci akan ci karo da wata mai kauri, mai launin madara, gabanta da hannayenta cike da zane irin na tukakkiyar igiya. Mai saye ya ɗaga ta, ya taya, a sallama masa, ya saɓa ya tafi. Da wuya ya san cewa zanen nan yana da garinsu, yana da shekarun haihuwarsa, kuma an daɗe ana gardama a kan asalinsa.

Galibin irin waɗannan riguna inji ne ya saƙa su, amma hannun mata ne ya ƙaga zanensu. Injin saƙa kuwa ba sabon abu ba ne, tun shekara ta 1589 aka ƙera na farko. Tambayar da wannan maƙala take son amsawa ita ce: me ya sa mutane suka ci gaba da riƙe tsinke da zare fiye da shekara 400 bayan samuwar inji? Za mu ga cewa dalilan sun yi ta sauyawa daga zamani zuwa zamani. Za mu kuma ga cewa labarin da mai sayarwa yake bayarwa game da rigar yakan sha bamban da abin da mai saƙa ta gani da idonta.

Wace saƙa ake nufi?

Kalmar saƙa a Hausa tana da faɗi. Masaƙi yana saƙa, mai tabarma tana saƙa, mai kwarashi ma haka. Saƙar masaƙi zare biyu take bukata, na tsaye da na kwance, ƙoshiya tana kai da komo tsakaninsu. Wadda muke magana a kanta zare ɗaya ne tak. Ana riƙe tsinke biyu ko fiye, a zura zare cikin wani zarge a fito da sabon zarge, shi ma a zura masa wani, har layi ya cika a hau na gaba. Kowane zarge za mu kira shi ido, kamar yadda ake cewa idon koma. Saboda idanun nan suna saƙale da juna, tufar takan miƙe ta koma, ta bi jiki, ta kuma riƙe iska a tsakaninta. Iskar da ta riƙe ita ce take tsare ɗumin jiki. Rigar babban mutum ɗaya tana cin dubun-dubatar idanu, kowanne sai ya bi ta yatsun mai saƙa.

Mafari: Masar da Andalus

Mutane da yawa suna ɗaukar saƙar tsinke a matsayin al'adar Turawa tun fil'azal. Abin da masu tonon kayan tarihi suka samu ya nuna wani abu dabam. Mafi tsufan saƙar tsinke da ta rage a duniya a Masar aka tono ta, kuma an yi ta tsakanin ƙarni na 11 da na 13, zamanin daulolin Musulunci. Safa ce ta auduga, fari da shuɗin baba, an ƙawata ta da zane mai kyau, wasu har da rubutun Larabci a jikinsu. Gwanintar da ke cikinsu ta nuna cewa sana'ar ta riga ta daɗe kafin a saƙa su.

Daga nan sai a same ta a Andalus. A gidan ibada na Las Huelgas, kusa da birnin Burgos na ƙasar Sifen, an buɗe kabarin yarima Fernando de la Cerda wanda ya rasu a 1275, aka tarar da matashin kai na siliki, saƙar tsinke mai laushin gaske, da kalmar baraka a rubuce da haruffan Larabci a gefensa. Masana suna ganin aikin Musulmi ne masu yi wa sarakunan Kirista sana'a. Wajen shekara ta 1400 kuma wani mai zane na arewacin Jamus, Bertram, ya zana Maryam mahaifiyar Annabi Isa tana saƙa ƴar riga da tsinke huɗu, alamar cewa matan garinsu sun san wannan aiki.

A wannan zamani na farko, abin da ya sa ake saƙa shi ne ado da daraja. Safar hannu ta manyan limaman coci, matashin sarakuna, safar siliki ta fadawa: kayan masu hali ne, kuma a biranen Turai da dama maza ne suka riƙe sana'ar, suna da ƙungiyoyinsu da dokokin koyon aiki.

Doka da inji

A Ingila ta ƙarni na 16 saƙar ulu ta sauko hannun talaka, ta zama abin neman abinci. Masu saƙar hula sun yi yawa har hukuma ta shiga tsaron kasuwarsu. A 1571 aka kafa doka cewa duk talaka namiji da ya wuce shekara shida sai ya sa hular ulu saƙar Ingila ranar Lahadi da ranakun idi, in ya ƙi a ci shi tara. Dokar ta yi aiki har 1597. A tsibirin Jazi, tsakanin Ingila da Faransa, saƙar safa ta kai ga maza da mata suna barin gona, har a 1608 mahukunta suka hana saƙa lokacin girbi. Sunan wannan tsibiri ne ya bi tufar da ake saƙawa can, ya zagayo duniya, ya iso gare mu a kalmar jesi da ƴan ƙwallo suke sawa.

Ana cikin haka William Lee, mutumin ƙauyen Calverton kusa da Nottingham, ya ƙera injin saƙar safa a 1589. Labarin da aka gada ya ce sarauniya Elizabeth ta farko ta ƙi ba shi takardar mallakar ƙirarsa don tsoron kada talakawanta masu saƙa su rasa abinci. Abin da ya tabbata shi ne Lee ya ƙaura da injinsa zuwa Rouen ta Faransa, kuma can ƙasar ya rasu ba tare da ya ci moriyarsa ba.

Injin ya bunƙasa daga baya, amma bai kashe saƙar hannu ba. Inji yana da tsada, yana da nauyi, wuri ɗaya ake girke shi. Tsinke kuwa ba ya cin kuɗi, kuma ana tafiya da shi ko'ina. A ƙauyukan duwatsu na arewacin Ingila, irin su Dent, maza da mata da yara suna saƙa a hanyar gona da wajen kiwo. Da dare maƙwabta sukan taru a ɗaki ɗaya don a tsimin makamashi, ana saƙa ana waƙa ana ba da labari, kamar dai yadda kakanninmu mata suke taruwa da mazari da abawa, yara na gefe suna jiran tatsuniya. Talauci ne ya riƙe saƙar hannu a raye, domin inda lokacin mutum ba shi da tsada, hannu ya fi inji araha.

Rigar masunta

Rigar sanyi kamar yadda muka san ta yau, a bakin teku ta girma. A ƙarni na 19 masuntan gaɓar Ingila da Sikotilan suna sa wata riga da ake kira ganzi, sunan da ake dangantawa da tsibirin Ganzi, maƙwabcin Jazi. Zarenta ulu ne mai ƙarfin murɗi, launin shuɗi mai duhu, a saƙa shi a matse har iska da feshin ruwa su kasa ratsawa da sauƙi. Ana saƙa ta a zagaye, babu ɗinkin da zai ɓarke. A hammata akan ƙara wani ɗan yanki don masunci ya ɗaga hannu ya ja taru ba tare da rigar ta yage ba. Hannun riga daga kafaɗa ake faro shi a gangaro, saboda in bakinsa ya cinye a warware wurin kaɗai a sake saƙawa. Akan ƙawata ƙirji da zane mai tudu da kwari, wanda yake ƙara kauri daidai inda sanyi ya fi duka. Wasu matan sukan saƙa haruffan farko na sunan mai rigar a ƙasanta.

Uwa ce take yi wa ɗanta, mata ta yi wa mijinta, budurwa ta yi wa wanda za ta aura. A nan bukata da ƙauna suka haɗu a abu ɗaya, domin mutumin da za a saƙa wa rigar yana fita ne inda ba kowa ke dawowa ba. Zane kuma bai tsaya gari ɗaya ba. Dubban ƴan mata na Sikotilan suna bin jiragen kamun kifi kowace shekara, daga tsibiran arewa har Great Yarmouth a kudu, suna fede kifi suna zuba gishiri. In babu kifi sai su ɗauki tsinke, kuma duk zanen da suka gani a jikin wani sai su kwaikwaya su kai gida.

Shetilan: kura da shan bugu

Tsibiran Shetilan suna can arewa da Sikotilan. Ƙasa ce mai iska, ba itatuwa, noma kaɗan, sai tumaki ƙanana masu laushin gashi. Maza suna teku, wasu sun nutse, wasu sun yi ƙaura, har a ƙarni na 19 mata suka fi maza yawa nesa ba kusa ba. Gidaje da yawa saƙar mace ce take riƙe da su. Matan suna ɗaura wata ɗamara ta fata a ƙugu, cushe da gashin doki, su kafe tsinke ɗaya a cikinta don hannu ya samu sauri. Da haka mace take tafiya da kwandon makamashi a baya, yatsunta suna aiki.

Sai dai ba kuɗi ake biyan su ba. Mace ta kai mayafi ko riga kanti, ɗan kasuwa ya yanka mata farashi, sannan ya ce ta ɗauki kaya daga kantinsa: ganyen shayi, yadi, kayan ado. Ciniki ne na ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, amma mutum ɗaya ne yake faɗin darajar gishirin da ta mandar. A 1872 gwamnatin Birtaniya ta aika alƙali William Guthrie ya yi bincike a tsibiran. Mata suka zo gabansa a Lerwick da sauran garuruwa suka ba da shaida: wadda take bukatar gari ko kuɗin haya sai ta karɓi shayin da ba ta so, ta bi gida-gida ta sayar da shi da hasara. An tsaurara dokar hana irin wannan biya a 1887, amma al'adar ba ta mutu sarai ba sai lokacin yaƙin duniya na biyu, da sojojin da aka girke a tsibiran suka riƙa sayen saƙa hannu da hannu da tsabar kuɗi.

Akwai wani ɗan tsibiri a kudancin Shetilan mai suna Fair Isle, wanda matansa suka shahara da saƙa mai launi-launi, zare kala biyu a kowane layi. A 1922 yarima mai jiran gadon Ingila, wanda ya zama Edward na takwas, ya fito filin wasan golf na St Andrews sanye da irin rigarsu, sai ta zama abin yayi a Landan da Amurka. Masu sayarwa suka haɗa ta da labari: wai sojojin ruwan Sifen da jirginsu ya fashe a tsibirin a 1588 su ne suka koya wa mata zanen. Fashewar jirgin gaskiya ce. Amma mafi tsufan irin wannan saƙa da ake da ita ta tsakiyar ƙarni na 19 ce, wato fiye da shekara 250 bayan jirgin. Labarin ya ɗauke fasahar daga hannun matan da suka yi ta, ya miƙa wa baƙi maza.

Saƙa a lokacin yaƙi

Yaƙi ya kawo wani dalili. A yaƙin Kirimiya, 1853 zuwa 1856, sanyi da cuta sun yi wa sojojin Birtaniya mummunar ɓarna, mutanen gida suka riƙa aika musu saƙaƙƙun kaya. Sunaye biyu sun rage daga wannan yaƙi: hular da take rufe kai da wuya ta ɗauki sunan Balaklaba, inda aka gwabza a 1854, rigar sanyi mai maɓalli a gaba kuma ta ɗauki sunan Lord Cardigan, ɗaya daga cikin kwamandojin.

A yaƙin duniya na farko abin ya zama aikin ƙasa. Sojoji suna kwana cikin ramuka masu ruwa da taɓo, ƙafa tana ruɓewa in ba a sauya busasshiyar safa ba. Sojojin Afirka ta yamma da Faransa ta kwasa sun ɗanɗani wannan sanyi, har akan janye su zuwa sansanonin Fréjus da ke kudu idan hunturun Turai ya shigo. A 1914 sarauniya Mary ta Ingila ta yi kira ga mata su kawo safa ƙafa 300.000. A 1917 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Amurka ta nemi rigunan sanyi miliyan ɗaya da rabi, da adadi irin wannan na safa da na mayafin wuya. Aka yi ta saƙa a makarantu, a jiragen ƙasa, a majami'u. Yara maza da tsofaffi da sojojin da suke jinya duk suka shiga.

Masana'antu suna iya fitar da safa fiye da haka, kuma sun fitar. Amma matar da ɗanta yake bakin daga, ba ta da labarinsa sai wasiƙar da takan yi makonni a hanya, tana bukatar abin da za ta sa hannunta a kai. Hausawa sun ce da zaman banza gara aikin kishiya, balle aikin da zai ɗumama ƙafar ɗanka ko ta ɗan wata. Wasu sukan cusa ƴar takarda da sunansu cikin safar, sojan da bai taɓa ganin su ba ya rubuto godiya.

Aran: labarin da aka saƙa wa riga

Mu komo kan rigar nan mai launin madara da muka gani a kasuwa. Asalinta tsibiran Aran ne, guda uku, a bakin gaɓar Galway ta yammacin Ailan. Duk wanda ya sayi irinta a kantin ƴan yawon buɗe ido zai ji labari kamar haka: zanen ya fi shekara dubu; kowane dangi yana da nasa; in teku ta ci masunci ta jefo gawarsa bayan makonni, da zanen rigarsa ake gane ɗan gidan wane ne; kowane zane kuma yana da ma'ana, igiya tana nufin igiyar jirgi, saƙar zuma tana nufin ƙwazo.

Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Rigar Aran ƴar ƙarni na 20 ce. A 1891 gwamnati ta kafa wata hukuma don rage talauci a yammacin Ailan, ta kawo masunta daga wasu wurare su koyar da sabon salon kamun kifi, ta kuma ƙarfafa saƙa a matsayin sana'ar mata. Ta wannan hanya salon ganzi ya samu gindin zama. Matan Aran suka ɗauke shi suka sarrafa: suka koma zare mai kauri na ulun da ba a rina ba, suka cika rigar da zane daga wuya har ƙugu, kowace tana ƙoƙarin ta fi maƙwabciyarta. Fararen rigunan farko yara maza aka yi wa, don manyan ranakun coci. A shekarun 1930 Muriel Gahan ta fara sayen su tana sayarwa a kantinta na kayan karkara a Dabilin.

A can ne wani ɗan asalin Jamus mai kantin zare a Oksfod, Heinz Kiewe, ya ga ɗaya a 1936. Zanen ya yi masa kama da adon tsofaffin littattafan addini na Ailan, sai ya yanke cewa daga can ya samo asali, ya raɗa wa kowane zane ma'ana, daga baya ya zuba ra'ayinsa a littafin da ya fitar a 1967. Batun gane gawa kuwa, ana ganin ya samo tushe daga wasan kwaikwayon da John Millington Synge ya fitar a 1904 a kan mutanen Aran. A cikin wasan wata yarinya ta gane cewa ɗan'uwanta ne ya nutse ta hanyar safar da aka ciro daga jikin gawar: ta ƙirga idanun saƙar, ta ga inda ita da kanta ta yi kuskure. Babu saƙaƙƙiyar rigar sanyi a wurin, babu zanen dangi. Ƴar'uwa ce ta gane aikin hannunta.

A 1961 mawaƙan Ailan da ake kira Clancy Brothers suka fito a wani babban shirin talabijin na Amurka sanye da fararen rigunan Aran, waɗanda mahaifiyarsu ta aiko musu saboda ta ji labarin tsananin sanyin Niyok. Kasuwa ta buɗe. Jikokin mutanen Ailan da suka yi ƙaura zuwa Amurka suna marmarin abin da zai haɗa su da tushensu, ƴan kasuwa kuwa suka ba su abin da suke so, har aka fara sayar da zane da sunan kowane dangi. Mata a ƙauyukan yammacin Ailan suka yi ta saƙa ana biyan su kuɗi kaɗan a kan kowace riga. Sai a 1987 Richard Rutt, wani babban limamin cocin Ingila wanda shi kansa gwanin saƙa ne, ya fitar da littafin tarihin saƙar hannu, ya bi diddigin labarin ya nuna inda aka ƙaga shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ƙaryar ta riga ta sayar da riguna masu ɗimbin yawa.

Abin takaici shi ne gaskiyar ta fi ƙaryar daraja. Wasu ƴan mata da iyayensu, a tsibiran da ko ƙasar noma sai an haɗa ta da yashi da ciyawar teku, sun ƙaga salon da duniya ta ɗauka cikin shekara 30 ko 40. Da aka ce zanen na kakannin kakanni ne, sai aka shafe sunansu.

Wata hanya: Bohus

Akwai inda aka bi wata hanya. A lardin Bohus na ƙasar Suwidin, maza masu fasa dutse ne, kuma a shekarun 1930 aikin ya tsaya. Matansu suka je wajen Emma Jacobsson, matar gwamnan lardin, suka nemi sana'ar da za su yi a gida. A 1939 aka kafa ƙungiyar Bohus Stickning. Ana koyar da mata, a kai musu zare, a karɓi aiki a duba ingancinsa, a biya su da kuɗi. Kowane zane yana da sunansa da sunan wadda ta tsara shi, kuma an adana su a rubuce. Rigunan sun kai manyan kantunan Turai da Amurka da tsada. An rufe ƙungiyar a 1969, lokacin da mata suka samu aikin albashi a masana'antu. Ba a ƙaga wa Bohus wata tatsuniya ba, kuma hakan bai hana ta kasuwa ba.

Bayan inji ya yi rinjaye

Daga shekarun 1980 rigar inji ta zaren roba ta yi arahar da zaren saƙa kaɗai ya fi ta tsada. Dalilin talauci ya faɗi: wadda take son tsimi, saye ya fi mata. Aka yi zaton sana'ar ta ƙare. Amma daga farkon shekarun 2000 matasa a Turai da Amurka suka koma mata, kuma zaman kulle na annobar korona a 2020 ya ƙara yawansu. A wasannin Olimfik na Tokiyo a 2021 an ga ɗan wasan tsalle cikin ruwa na Birtaniya, Tom Daley, zaune cikin ƴan kallo yana saƙa. Wani bincike da aka buga a Birtaniya a 2013, wanda ya tambayi masu saƙa fiye da 3.500 a ƙasashe dabam-dabam, ya samu cewa mafi yawansu suna yi ne don samun natsuwa, sauke damuwa da jin daɗin ƙirƙira, kuma masu saƙa cikin taro sun fi jin daɗin zumunci. Abin da matan Shetilan suka yi bisa tilas, jikokinsu suna yin sa don hutun rai.

A Shetilan ɗin ma an ga abin da ya shafi malamai kai tsaye. A 2010 hukumar tsibiran ta soke darasin saƙa a makarantun firamare don rage kashe kuɗi. Bayan ƴan shekaru masu sa kai suka koma makarantun suna koya wa yara kyauta, don sun lura cewa tsara ɗaya in ta tsallake, sana'a ta tafi. A 2015 kuma kamfanin Chanel na Faransa ya nuna riguna masu kama da na Mati Ventrillon, wata mai saƙa a Fair Isle, ba tare da ambaton ta ba. Ta yi magana a fili, kamfanin ya ba da haƙuri ya kuma ambaci sunanta. Matan da suka tsaya gaban alƙali Guthrie a 1872 ba su samu irin wannan ba.

Kammalawa

A ƙasarmu saƙar tsinke baƙuwa ce. Kakanninmu da gwado da luru da sakala da wutar kara suka yi maganin ɗari. A ƙarni na 20 ta shigo, ta hanyar makarantu, ƴan mishan da cibiyoyin koya wa mata sana'a, ta kuma samu wurin zama a kayan jarirai: hula, safa da ƴar riga da ake kai wa mai jego. Bosho ya fi su araha, amma har yanzu akwai kakar da ba ta yarda jikanta ya yi ɗarin farko ba tare da abin da ta saƙa masa ba. Dalilinta bai bambanta da na matar masuncin Sikotilan ba.

Tarihin Aran da na Fair Isle ya nuna abin da yake faruwa idan masu sana'a ba su rubuta labarinsu ba: wani zai rubuta musu, kuma zai rubuta wanda ya fi saye. Wannan bai tsaya ga saƙar tsinke ba. Ya shafi ɗinkin hula, saƙar faifai da tabarma, aikin dukawa da na maƙera, duk abin da baƙo yake saye ya tambayi ma'anarsa. Matan da suka fara koyon tsinke a garuruwanmu, wasunsu suna nan da rai. Malamin makaranta yana iya tura ɗalibansa, ƙungiyar al'adu tana iya ɗaukar littafi da alƙalami, a je a tambaye su: wa ya koya miki, a wace shekara, ina kike samun zare, nawa ake biyan ki, wane zane ne naki na kanki? A rubuta amsar da sunan mai ita.